Filin Lafiyar Yara: “Bayan ɗana yana fita duk sanda ya hau fo”

Assalamu alaikum iyaye mata da iyaye maza. Tunda damina ta kankama saƙonnin da suke shigo min kusan duk a kan bayan gidan yara suke, wannan gudawa wancan atini wancan kuma kashin ne ya ƙi fita sam. Na tsinto guda 5 a ciki, wacce ba ta ga nata ba ta yi haƙuri, in ta karanta a hankali za ta ga amsarta a cikin na wata.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min wallahi hankalina a tashe yake. Yarona shekararsa 2 da wata 4, ya yi wata gudawa ta kusan sati 2 har da majina-majina, toh tun daga nan in ya hau fo sai in ga wani jan nama ya leƙo ta duburarsa, da farko ɗan kaɗan ne yana miƙewa yake komawa da kansa amma shekaranjiya ya fito kamar tsawon ɗan yatsana ya ƙi komawa sai da maƙwabciyata ta tura shi da tsumma. Shi ko a jikinsa wasansa yake, ni ce nake ta kuka. Kakarsa ta ce basir ne ya gado wajen babansa har an siyo mana jiƙo wajen masu motar lasifika, ni dai ban fara ba shi ba. Daga wata uwa a Rijiyar Lemo.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, share hawayenki. Kin kyauta da ba ki ba shi jiƙon nan ba, ki bar shi a inda yake. Abin da kika gani fitar baya ce, kuma ba basir ba ne, basir irin na manya da wuya ƙwarai ka same shi a yaro ɗan shekara 2. Shi basir jijiyoyin jini ne na bakin dubura suke kumbura, ita kuwa fitar baya ƙarshen hanjin ne da kansa yake zazzagowa ya juyo waje, kamar yadda in kin cire wa yaro safa cikinta yake juyowa. Shi ya sa za ki gan shi ja jawur, da danshi, a zagaye, da ɗan rami a tsakiya.

Kuma shekarun ɗanki su ne shekarunta, daga 1 zuwa 3 ta fi yawa, in yaro ya haura 4 sai ta yi ta raguwa. Dalili kuwa halitta ce, ƙarshen hanjin ƙaramin yaro a miƙe yake tsaye sak, ƙashin bayansa na ƙasa bai gama lanƙwasar da take tallafe hanjin ba, naman da yake riƙe da wajen ma bai yi ƙwari ba. Toh a haka sai a samu abin da zai sa shi yunƙuri sau 8 sau 10 a rana, ai dole wani abu ya leƙo. A wajen ɗanki gudawar nan ce, ballantana mai majina, wadda yaro zai gama ya ji kamar bai gama ba ya yi ta nishi a kan fo babu abin da ke fita. Wani yaron taurin kashi ne yake jawo masa, wani tsutsar ciki, wani rama, wani tari mai tsanani irin tarin shiƙa. Abin da nake so ki riƙe kenan, naman da ya fito ba shi ne ciwon ba, abin da yake turo shi shi za a nema. In aka tsaya ana ta shafe-shafe a dubura aka bar gudawar, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Yanzu in ya sake fitowa bai koma ba, kar ki jira maƙwabciya, ke ma za ki iya. Ki wanke hannu da sabulu, in kina da safar hannu ta kemis ki sa, in babu ki sami ƙyalle mai laushi mai tsafta, ba tsumman goge-goge ba. Ki kwantar da shi rub da ciki a kan cinyarki, ki shafa basilin sosai a kan naman, sai ki dafa da tafin yatsunki ki danna a hankali ba tare da kin saki ba, ta tsakiya inda ramin yake za ki fara, kar ki yi ta dungura shi kuma ki kula da farce. Wani lokacin sai kin yi minti 3 ko 5 kina riƙe kafin ki ji ya sulale ciki, in yana tsala ihu ki bari ya lafa tukunna don kukan ma yunƙuri ne. Ya koma sai ki haɗe ɗuwawunsa ki riƙe na ɗan lokaci. In ya kumbura ya ƙi shiga akwai dabarar da ko a asibiti ana yi, a barbaɗa sukari na shayi a kai a jira kamar minti 15, sukarin yana zuƙe ruwan kumburin sai ya saki. Sukari na ce fa, ba gishiri ba, ba kanwa ba, ba alif ba, ba toka ba.

In kin gwada ya ƙi, ko kin ga launin ya tashi daga ja ya koma baƙi-baƙi, ko jini yana zuba ba ɗan ɗigo ba, ko yaron yana kukan ciwo da amai, ki lulluɓe wajen da ƙyalle mai tsafta da kika jiƙa, ki tari adaidaita sai asibiti ko da tsakar dare ne. Naman da ya daɗe a waje yana shaƙewa jini ya daina isa gare shi.

Ko da yana komawa lafiya lau ki kai shi asibiti a cikin satin nan, Hasiya Bayero ko asibitin yara na Zoo Road ko ma asibitin unguwarku. Ki ɗauki hoton abin a wayarki sanda ya fito, don sau tari kafin layi ya zo kanki ya koma likita ba zai ga komai ba, kuma hoton yana taimakawa a bambance shi da wani ɗan tsiro da yake fitowa wasu yaran, shi kamar ’yar ƙwallo yake a kan siririn reshe, maganinsa daban. Za su sa a yi gwajin kashi. Akwai wata tsutsa siririya mai siffar bulala da take zama a babban hanji, ƙwanta a ƙasa yake yaro ya kwasa da hannu ya kai baki, in ta yi yawa gudawa mai jini take sawa da fitar baya, an san ta da wannan. Ita ƙwaya ɗaya tak ta maganin tsutsa ba ta cika kashe ta ba, yawanci mebendazol ake bayarwa na kwana 3, shi ya sa nake cewa a gwada kashin kafin a siya.

Ita kuwa gudawar, ruwan gishiri da sukari na leda, ORS, ki duba jikin ledar ko ta lita 1 ce ko ta rabin lita ki haɗa daidai, abin da ya kwana ya wuce awa 24 a zubar. Sai zink, miligiram 20 kullum kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya wuce wata 6, kuma a cinye kwanakin ko gudawar ta tsaya a rana ta 3, nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Kar a hana shi abinci wai don ciki ya huta. Kar kuma a karɓo masa maganin tsayar da gudawa na manya a kemis, yana da haɗari ga ƙananan yara.

Sai maganar fo. Na san halinmu, a ɗora yaro a fo a tsakar gida a tafi ɗora sanwa, a dawo bayan rabin awa yana nan zaune yana jan fon yana yawo da shi. Wannan zaman kaɗai ya isa ya zazzago da baya. Minti 5 ya isa, ya yi ko bai yi ba a ɗaga shi. In ma fitar ta yi yawa ki bar fon na ɗan wani lokaci, ki sa masa famfas ya yi a kwance ta gefe. Mafi yawan yara da an magance abin da ke sa su yunƙuri shikenan, ba allura ba tiyata.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. ’Yata ce shekara 1 da wata 8, an yaye ta da wuri saboda mamanta ta samu ciki, aka kai ta wajen mahaifiyata a Ɗorayi. Tun yayen nan ba ta ƙara lafiya ba, ta rame ƙafafunta kamar sillen kara, ba ta cin komai sai koko da shayi, yanzu kuma bayanta yana fita kusan kullum. Hajiyarmu ta ce a kai ta wajen wanzami ya yanke ko ya ƙona, ta ce mu ma haka aka yi mana. Ni zuciyata ba ta kwanta ba amma kin san uwa, ba na son in saɓa mata. Ya zan yi? Daga wani uba a Sheka.

Amsa: Malam, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Kar a yanka, kar a ƙona. Wannan ba tsiro ba ne da za a cire a yar, hanjin ’yarka ne. In aka sa masa aska jini ne zai ɓalle a jikin yarinyar da dama ba ta da shi, in aka ƙona kuma in ya warke tabon yana tsuke dubura, yarinya ta zo tana kashi da ƙyar shekara da shekaru. Haka zaunar da yaro a ruwa mai zafin gaske, na ga ɗuwawun yara da ya saluɓe ta wannan hanyar ba ɗaya ba ba biyu ba.

Kuma gaskiya ni fitar bayan ba ita ta fi tayar min da hankali a saƙonka ba, ramar ce. Akwai kitse a gefe da gefen ƙarshen hanji da yake tallafe shi kamar matashi, in yaro ya rame kitsen nan ya narke naman wajen ya saki, hanji ba shi da abin jingina. Yarinyar da take rayuwa a kan koko da shayi tamowa ce take bin ta. Gobe-goben nan a kai ta asibiti a auna damtsenta da wannan ɗan tef ɗin mai launi 3, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko aka danna bayan ƙafarta ya lotsa saboda kumburi, tamowa ce mai tsanani, za a sa ta a shirin abincin nan na leda mai gyaɗa da madara, in ba ta iya ci ma kwantar da ita za a yi. In an ba ku nata ne ita kaɗai, magani ne, ba na rabawa yayyenta ba ne su lasa. A gida kuma a daina ba ta koko tsararo, a dama shi da kauri da garin gyaɗa ko na waken suya, a sa ɗan mai, ƙwai in an samu, wake da aka dafa ya yi luguf, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa da ɗan kifi, kaɗan-kaɗan sau 5 a rana, a kwanonta ita kaɗai wani ya zauna da ita har ta ci. Shayin kuma a rage, cika mata ciki kawai yake. Da ƙiba ta fara dawowa za ka ga fitar tana ja da baya.

Batun Hajiya kuwa kar ka je mata da “likita ya ce” kamar ka zo gyara mata tarbiyya, ba za ta ji ba kuma tana da gaskiyarta, ita ta raine ku. Ka ce mata Hajiya zo ki raka ni a duba jininta tukunna kafin a je wajen wanzamin, ki ji da kunnenki. In ta zauna a bencin nan ta ga jikokin wasu masu irin wannan lalurar ta ji daga bakin nas, da kanta za ta canja magana, kuma tunda yarinyar a hannunta take ita ya kamata a koya wa yadda ake mayarwa da yadda ake dama kunun.

Don ka sani, ko da a ce an gyara komai baya ya ci gaba da fita, ko yaro ya wuce shekara 4 yana yi, akwai aikin da likitocin tiyatar yara suke yi, irin na asibitin Malam Aminu Kano. Akwai allura da ake yi a gefen hanjin ta sa ya manne da naman da ke kewaye da shi, akwai zare da ake zagaya bakin dubura da shi, tiyata babba sai a ƙarshe kuma yara kaɗan ne suke kaiwa can. In ka shiga intanet za ka ga ana ta haɗa fitar baya da wata cutar gado ta huhu da hanji, kar ta firgita ka, ta fi yawa a Turawa, mu nan gudawa da tsutsa da yunwa ne a gaba. A duba katin rigakafinta ma, allurar Penta ta sati 6 da 10 da 14 tana kare tarin shiƙa, kuma tun 2022 aka shigar da ɗigon rota na gudawa cikin rigakafin yara a ƙasar nan.

Tambaya: Anti jaririna ɗan wata 8 tun la’asar yake wani irin kuka, ya ƙanƙame ƙafafu ya tsala ihu sai ya yi shiru ya yi laƙwas sai can ya sake, ya yi amai sau 3, yanzu kuma ya yi kashi jini da majina kamar yauƙi. Mai kemis ya ce atini ne haƙori ne ya ba mu Flagyl. In ba shi zuwa safe? Daga Kurna.

Amsa: Wannan tun a daren na ba ta amsa na ce ta ajiye maganin ta tafi asibiti babba yanzu-yanzu, na sa shi a nan ne saboda sauran iyaye. Kuka mai zuwa yana tafiya, amai, kashi mai jini da majina a yaro ɗan ƙasa da shekara 2, ana tsoron hanji ne ya shige cikin hanji, kamar ka tura hannun riga cikin kansa. Hoton ciki ake yi a gani. In an zo da wuri wani lokacin da ruwa ko iska ake warware shi ta dubura, in aka kwana 2 ana Flagyl hanjin yana iya mutuwa sai an yanke. Wani sa’in har yakan leƙo ta dubura a zata fitar baya ce, bambancin shi ne mai fitar baya yana wasansa, wannan kuwa kallo ɗaya za ka san yaron ba shi da lafiya. Amai kore shar a jariri shi ma ba a kwana da shi a gida. Haƙori kuma dan Allah a bar ɗora masa laifi, ba ya sa kashin jini.

Tambaya: Sista ni tawa matsalar akasin ta mutane ce, ’yata shekara 3 sai ta yi kwana 4 ko 5 ba ta yi kashi ba, in ya matso ta sai ta ruga bayan ƙofa ta miƙe ƙafafu ta ƙanƙame jiki tana ja, in ya fito kamar na akuya da ɗan jini a jiki. Ina sa mata ɗan guntun sabulu yana fita amma kwana 2 ya dawo. Tun da aka sa ta makaranta abin ya ƙaru. Daga maman ’yan biyu, Hotoro.

Amsa: Maman ’yan biyu, wannan miƙe ƙafafun da kike gani ba yunƙurin fitarwa take ba, riƙewa take. Wata rana ta yi mai tauri ya tsaga mata bakin dubura, jinin da kike gani kenan, ta ji zafi ta ƙudura ba za ta sake ba. Tana riƙewa hanji yana tsotse ruwan kashin yana ƙara tauri, ranar da ya fito ya sake tsagawa, haka abin yake ta zagayawa. Ga banɗakin makaranta da ba ta saba ba, wataƙila ma tana jin kunyar ta ce wa anti za ta zaga. Sabulun ki daina, yana cin fatar ciki kuma yana ƙara mata tsoron a taɓa wajen. Duka da tsawa ma ba sa aiki a nan.

Ki kai ta a rubuta mata maganin laushin kashi irin su laktulos, kuma ki sani ba na kwana 3 ba ne, sau da yawa watanni ake yi ana sha har tsagar ta warke ta manta da zafin, in kika tsayar da wuri za ku koma gidan jiya. Ki duba kwandon makarantarta, in Indomie ne da biskit da cincin da lemon kwali kullum toh ga inda gizo yake saƙar. Gwanda, kankana, lemon zaƙi da totuwarsa, mangwaro in lokacinsa ne, wake, zogale, alayyahu, miyar yauƙi, ruwa a gorarta. Madara in tana sha kofi-kofi a rage. Bayan karin safe da bayan abincin dare ki zaunar da ita minti 5, lokacin ne hanji yake motsi da kansa, in a masai na zama ne ki sa mata ’yar kujera ta taka. Irin wannan taurin in aka bar shi shi ma yana kaiwa ga fitar baya. Abu ɗaya zan tambaye ki, da aka haife ta ta yi kashin farko baƙin nan a cikin kwana 2? In ta makara, kuma tun tana jaririya take fama ga ciki yana kumbura, ki faɗa wa likita da bakinki ko bai tambaya ba, akwai yaran da ake haifa ƙarshen hanjinsu babu jijiyoyin da ke sa shi motsi, su aiki ake musu.

Tambaya: Anti yarana 2 da dare ba sa barci sai susar dubura, wajen har ya yi ja, an ce ɗankanoma ne a zaunar da su a ruwan bagaruwa. Daga Gwammaja.

Amsa: Sunan ɗankanoma abubuwa da yawa muke zubawa a cikinsa, jan da gudawa take bari, cin famfas, har fitar bayan ma wasu haka suke kiranta. Amma ƙaiƙayi da dare a yara 2 gida ɗaya, ki haska tocilan a wajen kamar awa 2 bayan sun yi barci, da alama za ki ga wasu ’yan tsutsotsi farare kamar guntun zare, da dare suke fitowa su yi ƙwai a bakin dubura. Yaro ya sosa ƙwan ya maƙale a farce ya koma baki. Maganin tsutsa ne, mebendazol ko albendazol, a sha a maimaita bayan sati 2, kuma duk gidan za a sha rana ɗaya har ke da maigidan, sai dai mai ciki da ɗan ƙasa da shekara 2 a tambayi ma’aikacin lafiya tukunna. A yanke musu farce, a wanke musu wajen da sassafe kafin komai, su kwana da wando, zanin gado da wandunan a wanke a shanya a rana kar a kakkaɓe su a ɗaki.